Neman kalma: me za mu kira red herring a littattafan binciken kisa?

Malamin Adabi, Gusau: Jama'a, salamu alaikum. Muhawarar da ake yi kan Elephants Can Remember na Agatha Christie, wanda ya fito a 1972, ta tsaya cik don rashin kalma. Poirot, mai binciken da ke cikin littafin, ya fara bayyana a littattafanta tun 1920, to kun ga an jima ana tafiya. Wasu na cewa littafin ya yi daɗi, wasu na cewa hira ce ake ta maimaitawa kuma tun tsakiya an gano bakin zaren. Duk maganar a kan red herring take, wato alamar da marubuci ke dasawa don mai karatu ya zargi wanda ba shi da laifi. Me za mu ce da Hausa?

'Yar Argungu: Malam, a dai kauce wa "jan kifi". Asalinsa kifi ne da aka yi wa gishiri da hayaƙi har ya yi ja, mai ƙarfin wari, da aka ce ana jan sa a ƙasa don karnukan farauta su saki hanyar zomo. Mu nan banda muka sani, kuma ba wanda zai ji "banda" ya tuna da bincike.

Baban Khalifa, Kaura Namoda: Ɓad da sawu fa?

Malamin Adabi: Wannan aikin mai laifi ne a cikin labari, kamar ya goge wuƙa ko ya sauya takalmi. Wanda muke nema aikin marubuci ne a kan mai karatu.

Mai Fassara, Birnin Kebbi: An kawo "sawun keke" da "sawun ƙarya" a wani zaure, duka ban gamsu ba. Sawun keke ba a gane gabansa, shi kuwa wannan sawu sarai yake nuna hanya, sai dai ba ita ba ce. Ƙarya kuma ta yi nauyi, don alamar gaskiya ce, fassararta ce ke kuskure. Ga yadda ake ɗinka ta: a dasa ta da wuri, a ba wanda ake zargi dalilin kisa da damar yin sa, a bar shi yana ɓoye wani abu na daban, bashi ko auren sirri, sannan kafin babin ƙarshe a bayyana abin da yake ɓoyewa. In aka tsallake mataki na ƙarshen nan, marubuci ya ci amana. A littattafan ƙarshe-ƙarshe na marubuci ake samun matsala. Mai karatu ya haddace dabarun marubuci, ya san wanda aka fara nunawa ba shi ne ba. Sai marubuci ko ya jibga alamu ya manta bai warware rabinsu ba, ko ya rage su har komai ya fito fili. A littafin 1972 ɗin nan, da aka ambaci tagwaye da hulunan gashi huɗu, tsofaffin masu karatu suka gama lissafi. Sababbi kuwa suka ji daɗinsu. Ni "sawun ruɗi" nake gani.

'Yar Argungu: Ya zauna a baki. Jam'insa sawayen ruɗi ke nan?

Mai Fassara: Haka ne, Hajiya. "Ta dasa sawun ruɗi a babi na uku", ko "na bi sawun ruɗi har shafin ƙarshe".

Malamin Adabi: Shi ke nan, mun ɗauka. Ɓad da sawu ya tsaya ga mai laifi. Baban Khalifa, a sa a jerin kalmominmu.