"Rai dangin goro ne": ran mara lafiya ko na mai jinya?

Ɗan Badarawa: Assalamu alaikum. Jama'a ku raba mana gardama. Hajiyarmu tana karɓar maganin ciwon daji a asibitin Shika da ke Zariya duk bayan sati uku. Wannan karon da aka auna jini sai aka ce ya yi ƙasa, a koma gida a ƙara sati guda. Ƙanwata ce ke kwana da ita tun farkon ciwon. Jiya ta ce tunda an ɗaga, za ta leƙa bikin ƙawarta a Rigasa ta dawo. Yayanmu ya hau faɗa, wai uwa na kwance ana zancen biki. Gwaggo na gefe ta ce, "Kai, rai dangin goro ne." Shi ya ɗauka bayansa ta bi, ƙanwar tawa kuma ta ɗauki mayafinta ta fita. Har yanzu ba sa magana. Wa Gwaggo ta ba gaskiya?

Maman Ilham: Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ne. Ai cikon maganar shi ne "hutu yake so". Yarinya ta yi daidai. Ka yi sammako zuwa tashar Kawo, ka isa Zariya, ka zauna a benci riƙe da kati da filas ɗin kunu, can bayan azahar a ce ba yau ba. Ranar da aka sa maganin ma ta fi sauƙi, don ka san aikinka, ka riƙe roba, ka goge baki. Kwanakin da ba a komai sai jira, su ke cin mai jinya.

Malam Na-Kawo: Mu dai "ruwa ake ba shi" muka ji a bakin manya. Goro kuwa ba ya ba kansa ruwa, wani ne ke yayyafa masa. Mara lafiya ake nufi. Ko limaminmu a kan duba marasa lafiya ya kawo ta.

Bakanike: Shi Yayan dare nawa ya kwana a ɗakin?

Ɗan Badarawa: Kar mu zalunce shi, motarsa ya sayar don maganin nan.

Hajjo T/Wada: Kun tuna min da kakata, Allah ya jiƙanta. Kakanmu yana aiki a masaƙa a Kakuri tarin fuka ya kama shi. Lokacin ba irin yanzu ba ne da ake gamawa cikin wata shida. Allura ce kullum har wata biyu, sannan ƙwaya wajen shekara. Aka ware masa kwano da moɗa, masu zuwa gaisuwa suka ɗauke ƙafa. Ita tana sayar da goro a cikin gida. Kullum bayan la'asar sai ta ja masa ƙofa, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta kwance huhu, ta tsince wanda ya fara lalacewa, ta yayyafa wa sauran ruwa, ta sake ganye, rediyo na gefenta. Ko tari ya sarƙe shi ba ta tashi sai ta ɗaure. Uwar miji ta kai ƙara wajen mahaifinta, wai ta fi son goro da miji. Da aka titsiye ta cewa ta yi, "In na faɗi, wa zai ɗauke mu mu biyu?" Ya warke, har ya ƙara aure a kanta.

Bakanike: To ka ji! Ita ta yi ban ruwa, wata ta zo ta ci goron.

Maman Ilham: Halin maza ke nan, Allah ya shirye ku.

Malam Na-Kawo: Hajjo, labarin nan ai ni ya gaskata. Da hannunta take ba goron ruwa.

Hajjo T/Wada: Malam, ni kuma gani nake kanta take ba ruwa.

Talaka Bawan Allah: Ku kuna ta goro, waɗanda muka yi wa layi a rana ciwon kai ke kai su Landan da Dubai. Ran su ba dangin goro ba ne, a firji yake. Sai zaɓe ya matso a zo asibiti da taliya da mai ɗaukar hoto.

Bakanike: Namu na unguwa tun da ya ci ya canza lamba. In ka je da takardar magani, mai gadi ne likitan.

Ɗan Badarawa: Don Allah a bar siyasa. Jibi za a sake auna ta. Me ke ƙara jini da wuri?

Maman Ilham: Zogale da ganyen ugu, da hanta in tana iya ci.

Nas Amina: A tambayi likita wane ne ya yi ƙasa tukuna. In fararen ƙwayoyin jini ne, ugu ba ya ɗaga su, lokaci suke so ko allura. A rage mata masu shigowa da mura, kuma in zazzaɓi ya taso ko da tsakar dare ne a tafi asibiti, kar a jira ranar da aka ba ku.

Talaka Bawan Allah: In an ce ƙarin jini ne ka yi min magana ta akwatin saƙo. Jinina rukunin O ne, ina nan Unguwar Sanusi.