Fosil: wace kalma za mu riƙe da Hausa?

'Yan uwa masu rubuta labaran kimiyya, ku zo mu tsayar da magana a kan kalmar nan ta Turanci, fosil, wato abin da ya saura a ƙasa na halittun zamanin da. Duk sa'ad da aka tono wani abu a Habasha ko Ajantina, kowa sai ya fassara ta yadda ya ga dama, mai karatu ya rasa inda zai kama.

Abin da aka fi rubutawa shi ne "ƙashin da ya zama dutse". Ba laifi, kuma akwai gaskiya a ciki: dabba ta mutu, laka ko yashi ya binne ta da wuri, ruwa mai ɗauke da ma'adinai ya dinga ratsa ƙofofin ƙashin, har ma'adinan su cike gurbin. Lucy, wata halitta mai kama da mutum wadda masani Donald Johanson ya gano a Hadar ta Habasha a 1974, irin wannan ce: kusan kashi 40 cikin 100 na ƙwarangwal, mai shekara kimanin miliyan 3.2.

To amma ku leƙa Laetoli a Tanzaniya. A 1978 tawagar Mary Leakey ta tarar da sawun ƙafafu a cikin tokar dutse mai aman wuta. Toka ta zubo, yayyafi ya jiƙa ta, wasu masu tafiya da ƙafa biyu suka taka suka wuce, wata tokar ta sake rufewa. Shekara wajen miliyan 3.6 ke nan, amma har yau ana ganin inda dunduniya ta nutse da inda babban yatsa ya danna. Babu ƙashi ko guda a cikin sawun, amma duk da haka masana suna kiransa fosil. Haka ƙwaron da ya maƙale a ƙaron itace ya daskare da fikafikansa, haka zanen ganye a jikin falalen dutse, haka 'yar giwar nan mai gashi da aka tsinta a ƙanƙarar Saberiya a 2007, da fatarta da hanjinta. Ina ƙashi, ina dutse?

"Ɓurɓushin halittu" ma na yawo. Ni dai bai kwanta mini ba. Ɓurɓushi abin da ya farfashe ne, ya yi ƙanana. Ƙashin cinyar dainaso, ƙatuwar dabbar nan ta zamanin da, wanda ya fi mutum tsawo, ba a ce masa ɓurɓushi.

Wani zai ce a bar ta fosil kawai, kamar yadda muka bar roka da kwamfuta. Ina jin wannan hujja, kuma ba na gaba da aro. Sai dai roka kowa ya gan ta a hoto tana tashi, sunan ya samu abin da zai rataya. Fosil kuwa, idan mai sauraron rediyo ya ji ta, babu hoton da zai zo masa.

Shawarata: kufan halitta.

Kufai wuri ne da aka zauna aka tashi, mutanen babu su, amma alamar zamansu tana nan ga mai ido. Wannan shi ne ainihin abin da ya haɗa ƙashin Lucy da sawun Laetoli da ƙwaron cikin ƙaro: mai rai ya shuɗe, shaidarsa ta saura. Ku gwada a kanun labari: "An gano kufan wata halittar ruwa a Maroko." Ya zauna a baki, kuma bai yi wa kowa ƙarya a kan ƙashi ko dutse ba.

Inda nake jin za a ja da ni shi ne masu tonon kayan tarihi, tunda su ne masu aiki da kufai na gaske, tukwane da ganuwa da kaburbura. Ina ganin kalmar "halitta" ta raba gardama: su binciken kufan mutane suke yi, masu binciken fosil kuma na kufan halitta.

Kwal da man fetur da gas, waɗanda Turawa ke jinginawa da kalmar fosil, a bar su da sunayensu; "makamashin kufan halitta" ya yi nauyi a kanu. Malaman Hausa, saura jam'i: kufaifan halittu za mu ce, ko mu bar kufan halittu?