Kwafin dare yana shaƙe rumbun ajiya: yaya zan raba layin 25G?

Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Sabobinmu Windows Server ne, kowacce da kebul biyu na 25G, wato gigabit 25 a sakan, zuwa suwici biyu, na'urorin da ke haɗa sabobin. Komai nan yake bi: rumbun ajiya ta SMB Direct da RoCEv2 (hanyar RDMA, mai kai bayanai kai tsaye daga ƙwaƙwalwar wata saba zuwa ta wata), da ƙaurar VM (kwamfutocin da ake ƙirƙira a cikin saba) daga saba zuwa saba, da zirga-zirgar masu aiki, da kwafin ajiya na dare. Da kwafin ya tashi sai rumbu ya yi nauyi, VM su fara tsaitsayawa. Ni dai na ce in datse gudun kwafin a 5G, wato gigabit 5 a sakan, in huta. Ya kuka gani?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kafin ka datse komai, ka tabbata inda cunkoson yake. Jadawalin da ke ɗaukar lissafi duk minti biyar zai iya nuna maka layi bai ko kai rabi ba, alhali fakiti, wato ƙunshin bayanai, suna zuba cikin ɗan ƙiftawar ido. Shiga suwicin da kanka lokacin da kwafin ke gudana, ka duba ƙidayar fakitin da aka zubar a kowane sahun jira, da ƙidayar saƙon dakatawa na PFC, tsarin da ke tsayar da mai turowa don kada fakiti su zube. Su ne za su faɗa maka gaskiya.

Injiniya Hadiza: Na goyi bayan Malam. Sannan Nura, datsewa asara ce, don ko layi na zaune babu kowa, kwafin ba zai wuce 5G ba, sai ya kai ka har safiya. Abin da ya dace da kai ETS ne, wato 802.1Qaz. Shi ba ya sa wa kowa iyaka, kaso yake lamunce wa kowane ajin zirga-zirga idan hanya ta cika. In ka ba rumbu kashi 50 cikin 100, to sai an matsu ne wannan kason zai yi aiki. In rumbu bai buƙata ba, sauran su kwashe. Kamar rabon ruwan fadama ne, wanda bai buɗe kwaminsa ba ruwansa ya wuce wa na gaba.

Shawarar Microsoft ga irin tsarinka ita ce SMB Direct a fifiko na 3 da kashi 50, bugun zuciyar gungun sabobi, wato saƙon da suke tura wa juna don tabbatar da kowacce na aiki, a fifiko na 7 da kashi 1 in layi ya kai 25G, kashi 2 in 10G ne, ragowar a bar wa aji na 0. Aji uku ke nan. Don 802.1p, tsarin lambar fifiko, ya ba ka lamba takwas ba sai ka cika su duka ba.

Nura: Na gode Injiniya. To PFC fa, in kunna wa duka?

Injiniya Hadiza: A'a, don Allah. Na 3 kaɗai. PFC cewa yake wa na bayansa ya dakata, shi ma ya ce wa na bayansa. In katin sadarwa ɗaya ya lalace ya yi ta turo dakatawa, sai ajin ya daskare a suwici bayan suwici. Ka kunna mai gadin PFC in suwicinka na da shi, ya kashe sahun da ya maƙale.

Sadiku: Ranku ya daɗe, ni ina da ja. Duk wannan wahalar RoCE ce ta jawo ta. iWARP, wata hanyar RDMA, a kan TCP yake tafiya, fakiti ya zube a sake turo shi, ba dole sai da PFC ba. Ga ƙaramar cibiya mai ma'aikaci ɗaya ko biyu, ni shi nake ba da shawara.

Malam Habu: Maganarka na kan hanya Sadiku, ga wanda bai sayi kati ba tukuna. Shi ya riga ya saya. Kuma ko da iWARP ɗin, rabon ETS na nan da amfaninsa.

Nura, ga inda mutane ke faɗuwa. Lambar fifikon nan a cikin alamar VLAN, wadda ke raba cibiya rukuni-rukuni, take zaune. Fakitin da ya fita babu alamar VLAN, ko ya tsallaka rauta, ya rabu da ita sai dai in an sake maƙala masa. In hanyarka na ratsa mataki na 3, wato rauta, koma DSCP, lambar fifikon da ke cikin fakitin IP ɗin kansa, ka sa kowane suwici ya aminta da shi. A kayan NVIDIA an saba ba RoCE lamba 26, saƙon rage gudu na CNP kuma 48 a sahu mai wucewa gaba. Ka kunna ECN, alamar da ke sanar da cunkoso don mai turowa ya rage gudu, a sahun RoCE yadda zai fara sa alama tun kafin PFC ya motsa. ECN ne ya kamata ya yi aikin yau da kullum, PFC sai an rasa yadda za a yi. Kuma lambobin su zama iri ɗaya daga katin saba har suwicin ƙarshe. Wuri ɗaya ya saɓa, to rumbunka ya faɗa aji na 0 tare da kwafin, babu abin da zai sanar da kai. A Windows ka kashe yardar DCBX, tsarin da kati da suwici ke musayar saiti da shi, kada suwici ya sauya maka saitin kati.

Injiniya Hadiza: Ƙari a kan tsawon kebul. Haske a faiba yana cin kusan nanosakan 5 a kowace mita. Kebul mai mita 100, zuwa da dawowa maikurosakan ɗaya ke nan, wanda a 25G ya haura bait 3,000 da ke kan hanya bayan an ce dakata, ban da manyan fakiti na bait 9000 da aka riga aka fara turawa. Dole suwici ya ware musu wuri. In yana tambayar tsawon kebul, ba shi na gaskiya.

Sadiku: Tambaya ɗaya Nura: kwafin naka ta ina yake bi? In shi ma SMB ne a kan katin RDMA, to ƙofa 445 ɗaya suke da rumbu, aji ɗaya za su faɗa, ETS ba zai raba su ba. Haka ma ƙaurar VM in ta SMB ka sa ta.

Nura: Kai, ƙaurar ta SMB take kuwa. Kwafin kuma TCP ne zalla.

Sadiku: To kwafin ya zauna a aji na 0, ETS ya ishe shi. Ita ƙaurar nan ce wurin da datsewa ta dace: umarnin Set-SmbBandwidthLimit a rukunin LiveMigration.

Nura: Allah ya saka da alheri. Daren yau zan fara da ƙidayar da Malam ya ce, sannan in gwada a saba ɗaya.

Malam Habu: Amin. Ka goge ƙidayar kafin kwafin ya tashi, ka ɗauko ta suwici biyun duka, ka turo mana nan mu duba tare.