Wane man taya ne ke sheƙi ba tare da ya kwashi ƙura ba?

Mai wanki a Mabera:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata bakwai ke nan da na buɗe wurin wankin mota a Mabera, nan Sakkwato, ni da yara uku. Alhamdu lillahi ana samu, musamman Juma'a da Asabar da ake kawo motocin rakiyar amarya. Matsalata taya ce. Akwai wani mai da nake saye a galan, garau kamar ruwa amma da santsi, warinsa ya yi kama da na kananzir, babu ko suna a jikin galan ɗin. In munka shafa, taya sai ta riƙa ƙyalli kamar an jiƙa ta, mai mota ya yi ta murna. Amma shekaranjiya wani Alhaji ya dawo min da farar motarsa, duk ƙasan ƙofofin baya ɗigo-ɗigon baƙi, tayoyin kuma sun koma ja kamar an birkiɗa su cikin jar ƙasa. Kalambaina kawai ya je ya dawo. Wallahi kunya ta kama ni, sai da na sake wanke mishi kyauta.

Yarana sun ce mu koma haɗin da wasu ke yi, lemon kwalba da gilisarin, wani kuma ya ce baƙin mai ya fi arha. Ni dai abin da nake nema wanda zai yi sheƙi sosai, don shi mutane ke biyan kuɗi su gani, kuma ya kwana biyu. Wanne kuke amfani da shi?

Tsohon mai faci:

Wa alaikumus salam. Yaro, mi ya kai ka ga baƙin mai? Wanda ya ba ka shawarar nan ba ya son ka da arziki. Roba da man inji ba su shiri, sannu a hankali yake sa ta kumbura ta yi laushi. Man birki ma kada ka kuskura, na ga masu shafa shi. Wanga ko ɗigo ya taɓa fenti sai ya ci shi. Shekara da shekaru ina cire taya ina mayarwa, da hannuna nake gane wadda anka saba yi ma baƙin mai, gefenta kamar ƙosai ya sha mai. Lemon kwalba kuwa, sai dai in ƙuda da tururuwa kake son tarawa a wurin sana'arka.

Malamin kimiyya a Arkilla:

Baba ya gama magana a kan baƙin mai, Allah ya ƙara girma. Ni bari in ɗan tsawaita a kan galan ɗinka, don na taɓa faɗa wa irinsa.

Man taya na kasuwa kusan duk silikon ne ke ba shi sheƙi. Inda suka bambanta shi ne abin da aka narka silikon ɗin a ciki. Akwai wanda aka haɗa da ruwa, za ka gan shi fari kamar madara, ba shi da wari mai ƙarfi. Akwai wanda aka narka cikin sinadarin da ake tacewa daga man fetur, shi ne garau kamar ruwa, mai warin kananzir. Naka ke nan. Na biyun ya fi ƙyalli, ya fi jure ruwa, amma yakan bar danƙo a saman roba. A garin da ake ruwa kullum, wannan jurewar riba ce. Mu nan Sakkwato damina wata huɗu ce ko ƙasa da haka, sauran shekara ƙura muke sha, daga hazon hunturu zuwa iskar bazara. Duk abin da ya bar danƙo, tarkon ƙura ka ɗana. Ka tura shi hanyar Kalambaina kuma, inda manyan motocin siminti ke tashin ƙura dare da rana, me kake jira?

Ɗigon da ka gani a ƙofa, man ne da ya maƙale cikin rubutun gefen taya da ƙananan ramukanta. Mota na ɗaukar gudu sai taya ta watso shi jikin bodi. A farar mota ya fi nunawa, kuma in ya daɗe cikin rana yana iya barin tabo a kan bamba ta roba.

Jan da taya ke yi ma ba duka ƙura ba ce. Masu ƙera taya suna zuba wani sinadari cikin robar, mafi shahara shi ake kira 6PPD, don ya kare ta daga tsagewa. Yana fitowa saman roba a hankali, in ya haɗu da iska sai ya koma ruwan ƙasa. Wannan aikinsa yake yi, ba lalacewa ba ce. To in ba ka goge shi ba ka ɗora mai a kai, gobe ka ƙara wani, jibi wani, tamkar shafa man kitso ne a kan da bai ga sabulu ba. Rabin aikin burushi ne. Ka sa yara su dirje gefen taya da burushi mai tauri da sabulu, su ɗauraye, su sake, har kumfar ta daina fitowa ja ta koma fara. Tayar da ta sha tsohon mai takan ci wanki uku. Sai ta bushe ƙarau kafin mai ya hau.

Ni na ruwa nake amfani da shi, VRP na kamfanin Chemical Guys, ƙanena ya kawo min daga Abuja. In kana son ƙyalli ya fi haka, ka yi shafi biyu marasa kauri, ka bar kamar minti 10 tsakani. Akwai kuma mai kauri irin Endurance na Meguiar's, shi ma da soso ake shafawa, yana sheƙi ƙwarai. Wanda ake kira 303 kuwa baƙi kawai yake mayar da taya, ba ya ƙyalli, masu biki ba za su gode maka ba. Ko wanne ka samu, a soso za ka zuba, ban da fesawa kai tsaye, don feshi na kaiwa ga faifan birki. In ka gama ka bi da busasshen tsumma ka kwashe rarar. Kuma kada ya taɓa inda taya ke taka ƙasa.

Maman 'yan biyu:

Malam ya yi bayani, amma ni a matsayin mai kai mota wanki, ƙorafina daban. Ranar nan yaron da ya wanke min ya ɗauki soson tayar ya goge min sitiyari da abin taka birki, wai don su yi kyau. Daga Gawon Nama har gida takalmina na zamewa. Don Allah ƙanena ka ja wa yaranka kunne. Kuma ni ban ga abin so a tayar da ke walƙiya kamar goshin mai suyar awara ba, baƙi mai tsabta ya ishe ni.

Direban Illela:

Hajiya kin burge ni. Mai wanki, abu ɗaya zan ƙara: babur da Keke kada ka shafa musu, musamman babur, don in ya kwanta a kwana da gefen tayar yake taka ƙasa. Sannan man nan yana rufe tsaga. Masu sayar da taya ta hannu na shafe ta tas, ka ɗauka sabuwa ce. Ka duba lambobi huɗu na ƙarshe a layin da aka rubuta DOT a gefen taya: biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a sati na 23 na 2019. A zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, da lodi, tsohuwar taya ba ta da amana ko da tana sheƙi. In ka ga irinta wajen wanki ka faɗa wa mai motar, zai riƙe ka da mutunci.

Mai wanki a Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, na hana yaran zancen baƙin mai. Malam, yau da safe na gwada dirzar a motar maƙwabcina, sai a wanki na uku kumfar ta yi fari, kuma tun kafin in shafa komai tayar ta yi baƙi yadda ban taɓa gani ba. Abin da ya rage min lissafi ne: wanki uku a taya huɗu ruwa ne mai yawa, mu kuwa daga 'yan ga-ruwa muke saye in famfo ya ɗauke, kuma ranar Asabar mota goma na jira ba wanda zai tsaya taya ta bushe. Sauran rabin galan ɗin nan kuma, akwai wani amfani da zan yi da shi ko zubarwa zan yi?