An tafka ruwa bayan fari, me ya sa famfo ke kawo jan ruwa?

Mai Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. An daɗe ana fari, sai aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya cikin kwana uku har dam ya tumbatsa. To me ya sa famfo ke zubo jan ruwa, wani lokaci ma a ɗauke shi, rijiyar burtsatse kuma ba ta ɗago ba?

Injiniyan Ruwa: Wa'alaikumus salam Malam. Ƙasar da ta daɗe a bushe samanta kan daskare ya yi ɓawo, ciyawar da za ta tare ruwa kuma ta mutu. Shi ya sa mamakon ruwa ba ya nutsewa, kwaranya yake yi, ya kwashi laka da kashin dabbobi ya zuba a dam. A matatar ruwa sai an ƙara alam, sinadarin da ke dunƙule laka, kafin lakar ta kwanta, yashin tacewa ya riƙa toshewa, dole a rage yawan ruwan da ake turowa. Kulorin ma, maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, ba ya aiki sosai a damammen ruwa, don ƙwayoyin cuta na fakewa a jikin laka. Hukumar Lafiya ta Duniya na son duhun ruwa ya gaza 1 a ma'aunin duhun ruwa da ake kira NTU kafin a zuba kulorin.

Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa ba ya gaggawa. Mai zurfi kan ɗauki watanni kafin ya ɗago.

Mai Gyaran Rijiya: Ranka ya daɗe, ka bar buɗaɗɗiyar rijiya, ita ce abin tsoro. In ambaliya ta shafe bakinta, ko masai na kusa da ita ƙasa da mita 30, kada a sha. A kwarfe ta, a yashe lakar, a zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana, a sake kwarfewa har warin ya ragu. Kafin nan a tace ruwan sha da tsabtataccen ƙyalle, a tafasa shi ya yi minti 1 yana ɓararraka.

Malama Mai Lissafi: A tari ruwan saman rufi ma. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce, wato rufin kwano mai murabba'in mita 50 zai tara kusan lita 1,000 a ruwan milimita 20, ban da ɗan abin da ya zube. Amma a kau da indararo daga tanki a zubin farko, ƙurar fari da kashin tsuntsaye duk a ciki suke.