Inji ya cinye hannun lebura: ƙaddara ce ko akwai diyya?

Sarkin Noma: Assalamu alaikum. Girbin shinkafa ya kankama daga Argungu har Suru da Bunza, injinan bugu sun sauka fadama, kuma maganar da ke tasowa kowace shekara ta sake tasowa. Ga matsayata, mai ja ya ja. Leburan da ya kawo kansa, aka yi jinga da shi, inji ya kama masa hannu, wannan ƙaddara ce. Mai gona ya kai shi asibiti, ya biya magani, ya ba shi abin da ya sawwaƙa, magana ta ƙare. Ba diyya, ba kotu. Ai hadisi ya tabbata cewa ɓarnar dabba da ta rijiya da ta ramin ma'adini ba su da lamuni. Wanda aka ɗauka haƙar rijiya ta rufta da shi, ba a bin mai rijiya jininsa. To me ya raba inji da rijiya?

Baba Makaniki: Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Kafin a kira abu ƙaddara, a fara duba injin. Cikin wanga inji akwai ganga mai haƙoran ƙarfe da ke juyi sau ɗaruruwa cikin minti guda, kuma abin da ke tsakaninta da hannun yaro shi ne tiren da ake turo shinkafa. In tiren ya fi hannun mutum tsawo, kuma sashensa na kusa da ganga a rufe yake, ko ya miƙa hannu ba ya kaiwa. A Indiya, inda wanga inji ya daɗe yana cin hannuwa, ƙa'idar da sunka sa ita ce tsawon tire santimita 90, rabinsa a rufe. Nan kuwa mai walda yana gajarta shi don ya rage kuɗin ƙarfe, ko mai inji ya yanke murfin don aiki ya yi sauri, tunda da buhu ake biyan shi.

Ku dubi yadda abin ke faruwa. Da safe raɓa ba ta bushe ba, karan shinkafa da danshi. Ya naɗe jikin ganga, ƙarar inji ta sauka, bel ya fara zamewa yana ƙugi. Maimakon a kashe, sai a ce wa yaro ya danna. Ya sa tafin hannu ya danna cunkoson, cunkoson ya saki gaba ɗaya, ya tafi da hannun. Kafin direban inji ya zagayo ya kashe, aikin gama ya gama. Sai kuma bel ɗin kansa: ana cire garkuwarsa ranar da anka canza boris, ba a mayar da ita, ya kama hannun riga ko jelar rawani. In da tarakta ake juya injin, sandar nan ta bayanta tana juyi 540 a minti, sau 9 kenan cikin daƙiƙa guda. Ba mai saurin da zai fizge rigarsa. Rijiya ba wanda ya cire mata murfi don ya ƙara buhu.

Malam: Sarkin Noma, Allah ya ja zamaninka, hadisin ingantacce ne, yana cikin Muwaɗɗa da Buhari da Muslim. Amma malamanmu na Malikiyya ba su bar shi a sake ba. Dabbar da ba ta da lamuni ita ce wadda ta yi ɓarna ita kaɗai. Mai janta, da mai korarta, da wanda ke kanta, duk suna lamunin abin da ta taka. Inji kuwa ba ya tashi da kansa, akwai mai kunna shi da mai kula da shi. Ƙa'idar ita ce: wanda ya yi ɓarna da hannunsa yana lamuni ko da kuskure ne, kamar direban da ya kunna inji alhali hannun yaro na ciki yana cire kara. Wanda kuma ya zama sanadi kawai, sai an tabbatar da sakaci a kansa. Cire garkuwa, gajarta tire, hana a kashe inji lokacin da ya cushe, duk sakaci ne. In inji lafiya lau yake, an gargaɗi mutum baligi mai hankali, ya ƙi ji ya cusa hannu, nan maganarka ta tsaya, babu diyya.

Imani da ƙaddara wajibi ne, amma ƙaddara ba ta kore haƙƙi. Kisan kuskure ma ƙaddara ce, kuma Alƙur'ani ya wajabta diyya a kansa cikin Suratun Nisa'i.

Hajiya mai jinya: Kafin a kai ga diyya sai mutum ya rayu, kuma abin da ake yi a rabin awar farko shi ke kashewa ko ya tsirar. A kashe inji tukuna. A sami ƙyalle mai tsabta a danne wurin da ƙarfi, kada a riƙa ɗagawa ana leƙe. In jini na tsartuwa ya ƙi tsayawa, a ɗaure da ƙyalle mai faɗi, kamar yatsu uku, sama da raunin da kaɗan, ba a kan gwiwar hannu ba, a sa sanda a murɗa har jinin ya tsaya, a rubuta lokacin. Waya ko igiyar roba siririya yanka nama take yi. Don Allah kada a zuba ƙasa, ko toka, ko baƙin mai, ko kashin shanu. Ƙwayar ciwon sarƙe-haƙora cikin ƙasa da taki take, shi ya sa allurar rigakafinsa dole ce ranar. Yatsan da ya fita a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ƙulle, a sa ledar cikin ruwan ƙanƙara, kada naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Gaskiya ganga niƙa nama take yi, ba kasafai ake iya mayar da shi ba, amma likita ne zai yanke wannan.

Wani abu da mutanenmu ba su sani ba: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Kuma a faɗa wa likita gaskiyar abin da ya faru. Ana cewa "faɗuwa ya yi" don a rufa wa mai inji asiri, ya shiga fayil haka, daga baya takardar ta zama shaida a kan mai raunin.

Barista: Hajiya ta taɓo inda ƙara ke mutuwa tun ba a shigar da ita ba. Baba Sarki, ta fuskar dokar ƙasa maganar "ai jinga ce, ba takarda" ba ta kare kowa. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ƙirga wanda aka ɗauka da baki, da na wucin gadi, da na kwana ɗaya, har da masu aiki a inda ba ofis ba. Hukumar inshorar ma'aikata ta tarayya, wato NSITF, ke riƙe da asusun diyyar, mai ba da aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya, kuma yin rajista a wuyansa yake, ba a wuyan lebura ba. Mai rauni ya sanar da wanda ya ɗauke shi cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto hukumar cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara guda. Ba zan ɓoye ba, manyan gonaki da kamfanonin casar shinkafa ne aka fi samu da wannan rajista, ƙaramin manomi a Augie ko Bagudo da wuya. Inda babu, hanyar da ta rage ita ce ƙarar sakaci, ko neman diyya a kotun shari'ar Musulunci, tunda Kebbi na da su.

Sarkin Noma: To Malam, faɗa mana adadin, jama'a su ji.

Malam: Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. Hannu ɗaya rabinta ne. Kowane yatsa kashi ɗaya cikin goma, wato raƙuma 10, ba bambanci tsakanin babba da ƙarami. Gaɓa ɗaya ta yatsa sulusin wannan, ban da babban yatsa mai gaɓa biyu, kowace raƙuma 5.

Sarkin Noma: Madalla, abin da nake so a ji kenan. Dinari giram 4.25 ne. Rabin diyya dinari 500, ya haura kilo biyu na zinariya. Wane manomi ne a fadamar nan zai biya wannan, mutumin da taki da man ban ruwa duk bashi ya ci? Ko ya sayar da gona da gida ba zai kai ba. An nakasa gida ɗaya, za a rusa na biyu. Kotu kuma a yi ta ɗage zama, kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi kaɗai ya cinye abin da za a samu. Sulhu gaban mai gari cikin kwana uku an gama, kowa ya san idon kowa. Kuma ranar da aka fara ɗaure manoma kan wannan, ba mai sake ɗaukar yaran gari aiki.

Malam: Shari'a ta riga ka ganin wannan nauyi, ranka ya daɗe. Diyyar kuskure in ta kai sulusi ba a kan mutum ɗaya take ba, a kan danginsa na wajen uba take, waɗanda ake kira aƙila, kuma ba lokaci guda ba: cikakkiya cikin shekara uku, rabi cikin shekara biyu. Abin da bai kai sulusi ba, kamar yatsa ɗaya zuwa uku, shi ne ke fita daga aljihunsa. Sulhu kuwa alheri ne, mai haƙƙi yana da ikon ya rage ko ya yafe. Sharaɗin shi ne ya san girman abin da yake yafewa. Wanda aka ce masa ba ka da komai, karɓi buhu biyu ka gode, ba yafewa ya yi ba, rufe masa ido aka yi. In kuma yaro ne bai balaga ba, uba ba ya yafe dukiyar ɗansa haka kawai.

Barista: Baba Sarki, tsoron da kake ji wa manoma yawancinsa ba a kansu zai faɗa ba. Tambayar farko a kotu ita ce wa ya ɗauki yaron, wa ke ba shi umarni. In mai inji ne ya zo da injinsa da direbansa da yaransa, manomi ya biya shi da buhu, to mai inji ne ke da alhakin yaransa da sakacin direbansa. Manomi yana shiga ne in injin nasa ne, ko shi ya kawo leburorin ya jera su bakin tire, ko ya tsaya a kansu yana hana a kashe. Kotu kuma tana raba laifi: in lebura na da nasa sakacin, ana rage masa kuɗi gwargwado, ba a hana shi duka. Dokar ƙwadago ta hana sa yaron da bai kai shekara 16 ba aikin inji, don haka wanda ya sa ɗan shekara 13 bakin ganga ba shi da bakin cewa yaron ne bai kula ba.

Ni ma sulhu nake fara ba wa mutane shawara, amma da shiri. A ɗauki hoton injin a ranar, kafin a ɗaura masa garkuwa da daddare. A riƙe sunayen mutum biyu da suka gani. A adana katin asibiti da kowane rasit, a nemi rahoton likita mai nuna girman nakasar. A rubuta yarjejeniya: nawa ne, yaushe, wa ya tsaya wa mai biya, sannan a kai ta gaban alƙali ta zama hukunci, don alkawarin "bayan girbi" na baki shi ne ke bin ruwa. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Legal Aid, hukumar da ke ba marasa hali lauya kyauta, dokarsu ta 2011 ta haɗa da ƙarar haɗari. In taraktar ta gwamnati ce a yi hanzari, wa'adin ƙarar jami'in gwamnati wata 3 ne kacal.

Hajiya mai jinya: Kwana ukun nan na Sarkin Noma ne ban yarda da shi ba ko kaɗan. A kwana uku ba wanda ya san inda raunin zai tsaya. Yatsu biyu ne yau, bayan mako ƙwayar cuta ta shiga ƙashi, a yanke daga wuyan hannu. Ga wankin ciwo na makonni, wani lokaci a sake tiyata. Mutum na kwance allurar kashe zafi na jikinsa, a kawo takarda a dangwala masa yatsan ɗaya hannun. Wannan zalunci ne, ko da liman a wurin.

Malam: Maganar Hajiya ita ce ta fiƙihu daidai. Ba a ƙiyasta diyyar rauni sai bayan ya warke. Kafin nan a ɗauki nauyin magani da abincin iyalinsa, a rubuta abin da aka kashe.

Sarkin Noma: Jiran warkewa na karɓa, rubutawa ma na karɓa. Kilo biyu na zinariya ne har yanzu ban ga mai biya ba, kuma aƙilar da Malam ke faɗa, dangin yau kowa ta kansa yake yi. Abin da zan kai gaban hakimi shi ne masu inji da manoma su riƙa ware mudu ɗaya daga kowane buhu da aka buga, a tara don irin wannan rana. Barista, hakan zai hana mutum zuwa kotu?

Barista: Ba zai hana ba, Baba, sai dai abin da aka ba shi daga asusun a cire shi cikin lissafi. A rubuta hakan tun farko, a kuma sa hannun mutum uku kafin a fitar da ko mudu ɗaya.

Baba Makaniki: In za ku kai wagga magana gaban hakimi, ku haɗa da sharaɗi: injin da ba shi da garkuwar bel, ko tirensa bai kai tsawon hannu ba, kada ya shiga fadama, kuma kada asusun ya biya wa mai shi ko sisi. A hana bugu da fitilar waya bayan magariba, lokacin yara sun gaji idonsu ya yi nauyi. A aje sanda mai ƙugiya gindin kowane inji don cire kara, bayan an kashe an jira ganga ta tsaya cak, don tana ci gaba da juyi ko an kashe. Ƙara tsawon tire aikin yini guda ne wurin mai walda, a sa ranar dubawa kafin kasuwar Jega mai zuwa.