Neman kalma: gwajin da ake yi kafin a cilla jirgin yaƙi

Jama'a, a taimaka da kalma. Matuƙan jiragen yaƙin Amurka da ke tashi daga kan jirgin ruwa mai dakon jirage suna da abin da suke kira "wipeout". Da Hausa fa?

Ga yadda abin yake. An saƙala ƙafar gaban jirgi, a ce F/A-18, a na'urar da za ta cilla shi, wani ƙarfe kuma na riƙe da shi. Matuƙi ya ba inji wuta, jirgi na kakkarwa a wuri ɗaya. Sai ya kai sandar tuƙi gaba da baya, hagu da dama, har iyakarta, ya tattaka fedar da ke juya wutsiya. Masu dubawar ƙarshe na tsugune a gefe, idonsu na kan fiffike da wutsiya: kowane ɓangare ya amsa? Mai na yoyo? In lafiya lau, su ɗaga babban yatsa. Matuƙi ya sara wa jami'in cillawa mai riga ruwan ɗorawa, da dare kuwa fitilun jirgi yake kunnawa. Jami'in ya taɓa ƙasa, ya nuna gaba. Cikin daƙiƙa 2 zuwa 3 jirgi ya haura gudun kilomita 200 a awa, a tazarar da ba ta kai mita 100 ba. Da an sake shi babu batun birki, gaba teku ne.

Na ga amsoshin da kuka bayar tun da na fara wannan tambaya. Mai cewa "sharewa", ɗan'uwa, ba a share komai a nan. "Gwajin sitiyari" ya yi kusa, sai dai sitiyari hagu da dama kawai ya sani, jirgi kuwa har sama da ƙasa. Malam, "gwajin linzami" da ka kawo ya fi daɗin faɗa, kuma da shi na so tsayawa. Matsalar ita ce gidajen rediyo sun riga sun ba "makami mai linzami" wannan kalma, duk wanda ya ji a labarai zai ɗauka harbi aka gwada.

Baba, tsohon sojan sama da ya rubuto daga Mando, Allah ya ƙara girma. Ya tunatar da mu cewa Najeriya ba ta da jirgin dako irin wannan, amma ɗaliban makarantar koyon tuƙi ta 401 a nan Kaduna ma sai sun motsa sanda da feda sun tabbatar komai na amsawa kafin su tashi. Ke nan kalmar ta yi wa na tudu da na teku aiki. Shi ya kawo "gwajin akala", kuma ni na karɓa. Bahaushe ya riga ya saba da "juya akala" a kan duk abin da ake sarrafawa, ba sai raƙumi ba.

Saura na'urar cillawar. Ta jiragen dakon Amurka na ajin Nimitz da tururi take aiki, ta jirgin dako mai suna Gerald R. Ford da ya fara aiki a 2017 kuma da lantarki da maganaɗisu. Wani ya ce "danƙo", ni "macilla" nake gani. Ku fa?